Rami a Ƙofar Mai Ɗinki

A kamfanin ba mai kiransa da sunan yanka. Wataƙila ake ce masa, tun daga Oga har maigadi, shi ma ya daɗe da daina jin haushi. Aikinsa ne ya jawo masa sunan. Shi ne mai ƙiyasin kamfanin, kuma kamfanin ba ya gina abin da ido ke gani. Bututun ruwa suke binnewa, da na kwata, da kebul ɗin lantarki. Kafin a nemi kwangila shi ake turawa ya duba wuri, ya dawo ya faɗi yawan ƙasar da za a haƙa, da bututun da za a saya, da leburorin da za a ɗauka, da tsawon lokacin da aikin zai ci. Mai ƙiyasin gini yana ganin bangonsa a takarda, ya ƙirga bulo ya huta. Shi kuwa abin da yake ƙiyastawa yana ƙarƙashin ƙafar mutane, ba wanda ya san ko dutse ne a can, ko ruwa, ko wani tsohon kebul da aka binne aka manta. Don haka in Oga ya ce, “Katafila za ta iya shiga wurin nan?” sai ya sosa ƙeya ya ce, “Wataƙila.” Masu tsokana sun ce ko tambayarsa aka yi ya kwana lafiya, sai ya ɗan yi nazari kafin ya amsa.

Ya haura hamsin. Matarsa ta rasu shekarun baya, ta bar masa ’ya guda, wadda yake kira Mamana saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Mamana ta yi aure har da yara, amma gidanta ba nisa, kuma ba ta kwana biyu ba ta leƙo ta yi masa faɗa ba, ko kan rigar da ya maimaita, ko kan takardun aikin da ya shimfiɗa a tsakiyar falo ya danne kusurwoyinsu da kofuna da takalmi. Duk wanda ya kawo masa maganar aure sai ya ce yana dubawa. Oga, wanda tare suka yi makaranta, ya taɓa ce masa, “Kai ko mace aka kawo maka har gida, cewa za ka yi a haƙa ramin gwaji tukuna.”

Ana nan sai aka fitar da tallar wani aiki. Za a sauya tsohon bututun ruwan wani dogon layi a tsohuwar unguwa, a kuma binne sabon bututun kwata a gefensa. Kamfanoni da dama suka nuna sha’awa. Oga ya shimfiɗa masa taswirar layin a kan tebur ya ce, “Je ka duba mana. Amma don Allah kada ka dawo min da tsoro. Muna son aikin nan.”

Washegari da hantsi ya isa layin, yana tura ’yar tayar awonsa, gwangwanin jan fenti a aljihu, ƙugiyar ƙarfe ta ɗaga murfi a hammata. Layin matsattse ne, da ƙyar mota biyu ke gifta juna, shaguna sun jeru hagu da dama. Taswirar da aka ba shi ta girmi rabin gidajen, inda ta nuna fili yanzu bene ne. Bai damu ba, ya saba. A hankali yake tafiya, idonsa a ƙasa. In ya ga faci a kwalta ya san wani ya taɓa tona wurin. In ya ga waya ta sauko daga falwaya ta shige ƙasa, sai ya bi ta da ido ya yi hasashen inda ta nufa. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne gindin katangun layin, duk sun yi danshi, da farin gishiri a samansa, alhali an daɗe ba a yi ruwa ba. Duk inda ya ga abin lura sai ya fesa jan fenti.

“Malam! Malam mai fenti!”

Ya ɗago. Wata mata ce tsaye a ƙofar shagon ɗinki, tef a wuyanta, almakashi a hannu. Ba yarinya ba ce, furfura ta ɗan leƙo ta gefen ɗankwalinta, kuma daga tsayuwarta ka san ba a saba taka mata ƙofa ba.

“Wa ya aiko ka ka yi min zane a bakin shago? Da sassafe na share wurin nan.”

Ya gaishe ta, ya ba ta haƙuri, ya yi mata bayanin aikin da ake shirin yi.

“Rami? A nan? Faɗinsa fa?”

“Wataƙila ya kai faɗin ƙofar shagonki.”

“Zurfi?”

“Wataƙila ya shanye tsayina.”

“Har yaushe zai zauna a buɗe?”

“To, wannan kam, wataƙila…”

“Malam,” ta katse shi, “ni ma fa awo ne sana’ata. In mutum ya kawo min yadi na ce masa wataƙila rigar ta shige shi, kana ganin zai sake dawowa?”

“Hajiya, ai ke kina ganin wanda kike aunawa. Ni nawa mutumin yana kwance a ƙasa, ya lulluɓa da kwalta.”

Dariya ta taso mata, ta danne. Sai ta sassauta murya ta ce, “Ba don kaina nake tambaya ba. Mahaifiyata tana ciki, a keke take, ba ta iya taka ƙasa. Duk mako nake tura ta asibiti a gasa mata ƙafa. In kun tona nan, ta ina zan bi da ita?”

Ya ce zai sa abin a lissafi, ya kuwa ciro biro ya rubuta a gefen taswirar tana gani.

Daidai gaban shagon akwai murfin ƙarfe na wani tsohon rami, kuma dole ya ga abin da ke ciki. Ya saƙala ƙugiya, ya tsuguna ya ja. Murfin ya yi tsatsa, ko motsi. Ya gyara tsuguno, ya tattara ƙarfinsa duka ya fizga. Murfin ya taso, a lokaci guda kuma wandonsa ya ce ɓarrr daga baya, da ƙarar da har mai aski na maƙwabta ya leƙo. Ga shi ’yar gajeriyar rigar aiki ce a jikinsa, ba abin da za ta rufe. Ya ci gaba da tsuguno yana leƙen ramin, kamar wanda ya hango zinariya a ciki.

Mai Ɗinki ta kau da kai ta ce, “Malam, in ka gama duba ramin, akwai labule a ciki.”

Ya mai da murfin, ya shiga shagon da baya-baya, taswira a bayansa. Ta miƙa masa wandon wani mai kaya ta saman labule. Da ya fito sai ga wandon ya tsaya masa a ƙauri. Ya zauna a benci ya haɗe gwiwoyi, ita kuma ta hau keken ɗinki da nasa.

Sai a lokacin ya lura da tsohuwar. Tana zaune a kekenta kusa da ƙofar da ke shiga cikin gida, faranti a cinya tana ware maɓallai, ’yar ƙarama, amma idanunta tar a kansa.

“Sannu Inna,” in ji shi.

“Yauwa. Kai ne za ka haƙa mana rami?”

“A’a Inna, ni ƙiyasi kawai nake yi.”

“Wato kai ne mai faɗa, wasu su sha rana.”

“Kusan haka ne, Inna.”

“Kana da iyali?”

“Allah ya yi mata rasuwa.”

“Allah ya jiƙanta. Shi ya sa. Ai wandon nan ya daɗe yana kuka ba mai jin sa.”

“Inna!” in ji Mai Ɗinki daga kan keke, ba tare da ta ɗago ba.

Ɗabi’arsa ce in ya sami tsoho a wurin aiki ya tambaye shi abin da ke wurin kafin a yi gini. Ya tambayi Inna. Ta ajiye farantin, ta gyara zama, don an taɓo mata inda take so. Ta ce lokacin da aka kawo ta gidan nan tana amarya, layin nan ƙorama ce, a nan suke wanki. Da mutane suka yi yawa aka riƙa zuba ɓaraguzai da shara har ta cike, aka shimfiɗa kwalta a kai. “Amma tana nan,” in ji ta. “Ka tona zuwa gwiwa ka gani in ruwa bai yi maka sannu da zuwa ba.”

Fuskarsa ta washe, ya ce ashe shi ya sa katangun ke gumi. Ya yi ta jero mata tambayoyi, ta ina ƙoramar ta faro, ta ina ta karkata, tana amsawa tana haɗawa da labarin waɗanda suka mutu da waɗanda suka tashi. An gama wando tuni yana rataye a jikin kujera, bai ma lura ba. Da ya tashi tafiya ya sa hannu a aljihu, Mai Ɗinki ta ce ya bar shi, ladanta kawai kada ya ƙara yi mata fenti a ƙofa.

Da ya koma ofis ya ce wa Oga sai an haƙa ramukan gwaji. Oga ya dafe kai ya ce, “Na ce kada ka dawo min da tsoro.” Amma ya nemo izini, ya ba shi leburori. Suka tona ’yan ƙananan ramuka a tsawon layin, suka kewaye su da shinge, ɗaya kuma ya faɗo dab da shagon ɗinki. Ba su kai ƙugu ba ruwa ya fara tsattsafowa, ƙasar baƙa, da fasassun kwalabe da tsummokara a ciki.

Daga nan ƙiyasin ya fara kumbura. Sai an kawo injin zuƙe ruwa ya yi ta aiki muddin rami na buɗe. Sai an tokare bangon ramin da katako da ƙarfe, don kada ya rufta kan leburori ko ya janye ƙasa daga gindin gidajen mutane. Ƙasar da aka tono ba za ta mayu ba, sai an kwashe ta an kawo mai kyau, an shimfiɗa tsakuwa a ƙarƙashin bututu. Inda kebul ya gifta, katafila ba za ta taɓa ba, sai diga da shebur. Ya rubuta a riƙa tonawa guntu-guntu, a binne a rufe kafin a ci gaba. Ya kuma sa farantan ƙarfe masu kauri da za a ɗora a kan ramin a ƙofofin gidaje, masu faɗin da keken mara lafiya zai wuce.

Ramin gwaji yana buƙatar a riƙa duba yadda ruwa ke hawa da sauka a cikinsa, wannan gaskiya ce. Sai dai na kusa da shagon ya fi sauran samun kulawa. Zai zo da safe ya zura sanda, ya rubuta, sannan ya leƙa ya gai da Inna. Gaisuwar takan kai azahar. Wata rana ya zo da yadi a leda, wai a yi masa riga. Da aka gama ya kawo wani.

A bakin Inna ya ji komai, don ita ba ta iya magana a hankali ba. Mijin ’yarta ya daɗe da rasuwa, ’ya’yan Mai Ɗinkin maza suna aiki a wasu garuruwa masu nisa. Manema sun zo, ba ɗaya ba, amma duk wanda ya ji cewa da tsohuwa da kekenta za a tare sai ya ce zai dawo. “Har yau suna dawowa,” in ji Inna. Mai Ɗinki takan taka keke da ƙarfi in an zo nan, don ƙarar ta rufe zancen.

Ita da shi kuwa hirarsu ba ta wuce ta aiki. Ta nuna masa yadda take barin rara a cikin ɗinki saboda mutum kan yi ƙiba. Ya ce shi ma yana barin rara a lissafi, amma shi Ogansa faɗa yake yi masa a kai. Ta ce to ya turo mata Ogan ta ɗinka masa riga daidai jikinsa cif, ya ci abinci a ciki ya gani.

A ofis Oga ya ce, “Wai ni Wataƙila, ruwan ramin nan shayi yake zama ne? Kullum kana can.”

A gida kuma Mamana ta ɗaga sabuwar riga daga kan igiya tana juya ta. “Baba, wa ya ɗinka maka wannan?”

“Tela.”

“Wani tela ko wata tela?”

“Mamana, ina ruwanki da tela?”

“Dubi aljihun nan. An ninka shi, an ƙara masa ɗinki saboda biro. Namiji ba zai zauna ya yi maka wannan ba.”

Ya ce yana da aiki, ya shige ɗaki.

Ranar da zai miƙa ƙiyasin, Oga ya karanta shi shafi-shafi, yana yi yana tsaki. “Wannan ai korar kanmu muka yi. Cire injin ruwan nan. Rage katakon. Farantan nan kuma na mene ne, gada za mu gina?”

“Oga, in ka cire su a takarda, ai ba ka cire ruwan a ƙasa ba.”

“Sauran kamfanonin fa? Kana ganin za su sa duk wannan?”

“Wataƙila ba za su sa ba.”

Oga ya ɗauki biro. Shekaru masu yawa suna tare, kuma bai taɓa rasa lebura a cikin rami ba. Ya ja tsaki na ƙarshe, ya sa hannu.

Suka rasa kwangilar. Wani kamfani da ya yi ƙasa da farashi sosai aka ba. Oga ya yi yini guda ba ya amsa gaisuwa, washegari ya ajiye masa wata taswirar, ta wani aiki a can ɗaya gefen garin, ya ce, “Tashi mu nemi na gaba.”

An riga an cike ramukan gwaji. Ba sauran abin dubawa a layin. Ya sayi yadi sau ɗaya, ya kai har bakin titi, sai ya tuna cewa durowarsa ba ta rufuwa saboda sababbin riguna, kunya ta kama shi ya juya. Me zai ce ya zo yi? Kamfaninsu ya faɗi, alkawarin da ya rubuta a gefen taswira ya tafi a banza. Mako ya bi mako, damina ta sauka. Ya rage magana, ya rage cin abinci, in Mamana ta zo da faɗanta sai ya ce “to” kawai, abin da ya fi komai tayar mata da hankali.

Ba ta tambaye shi ba, don ta san amsar da za ta samu. Ofis ta je ta gai da Oga, wanda take kira Kawu tun tana ƙarama. Kafin ta gama zama ya kwatanta mata layin da shagon, har da launin ƙofa.

Ta ɗauki atamfa a jaka ta tafi. Tun daga bakin layin ta tsaya ta riƙe baki. An tone shi daga farko har ƙarshe a lokaci guda, ramin ya cika da koren ruwa, gefensa ya zaizaye, bututu na jibge a gefe. Mutane na tsallakawa a kan wani tsohon ƙyaure da aka gitta, yana lanƙwasa a ƙarƙashinsu. Ta tattare zani, ta yi addu’a, ta haye.

Shagon a buɗe yake amma ba kowa, sai Mai Ɗinki zaune ta yi tagumi a kan keke. Mamana ta yi sallama ta ciro atamfa. Matar ba ta ko kalli atamfar ba, fuskarta ta ƙura wa ido.

“Ke ’yar mai fenti ce.”

“Anti, ya aka yi kika gane?”

“Goshin. Zauna. Yana lafiya?”

“Lafiyarsa ƙalau, in ban da ya zama kurma.”

Daga cikin gida Inna ta ɗaga murya tana tambayar wace ce. Aka turo ta. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura. Tun da aka tona ramin ba ta je asibiti ba. Sau ɗaya maƙwabta suka gwada ɗaga ta da keken su tsallakar, ƙafar ɗaya ta zame, saura kaɗan su faɗa gaba ɗaya, daga ranar ta ce ba za ta ƙara ba.

Mamana ta fito bakin ƙofa ta kira shi a waya. “Baba, kana ina? To ni ina shagon telanka. Eh, shi. Kada ka ce min komai. Inna ta yi makonni ba ta ga likita ba, kai kana can kana auna titin wasu.” Ta kashe wayar kafin ya amsa.

Bai san lokacin da ya shiga ofishin Oga ba. Ya fara jero bayani, Oga ya ɗaga masa hannu. “Ɗauki faranti a wurin ajiyar kaya, ɗauki katako, ɗauki mota da mutum huɗu. Amma ka nemi izinin masu aikin, ramin ba namu ba ne.”

Da suka isa layin, shugaban leburorin ɗaya kamfanin yana zaune a kan bututu, idonsa ja saboda gajiya. Ya ce shi an turo shi ne da katafila da takarda, ba wanda ya gaya masa akwai ruwa, yanzu kuma yana jiran injin da aka yi ta yi masa alkawari. Sai Wataƙila ya ce ya sani, ba laifinsa ba ne, ya nuna masa wuraren da bangon ya fi haɗari. Mutumin ya ce su sa farantinsu, har ya ba su hannu.

Shi kuwa Wataƙila bai yarda a ɗora farantin haka kawai ba. Sai da aka tokare bangon ramin ta ciki, aka shimfiɗa katako masu kauri a kowane gefe, sannan aka sauke ƙarfen a kai, aka zuba tsakuwa a bakinsa don taya ta hau ba gargada. Ya hau ya yi tsalle a tsakiya, ya sa leburorin duka suka hau tare. Sannan ya shiga shagon, ya kama keken Inna da kansa.

“Ashe kana raye,” in ji Inna.

“Ina raye, Inna. A yi min afuwa.”

Ya tura ta a hankali har ɗaya gefen, ya juyo da ita, ta ce a sake. Mutanen layin suka taru suna tafi, mai aski har da fito.

Mai Ɗinki kuwa ko kallon Wataƙila ba ta yi ba, ta shiga ta ɗauko jug. Ta kawo wa leburori ruwan sanyi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta tsallake shi. Sai da mutane suka watse, ya rage daga shi sai ita sai Inna da Mamana a cikin shagon, sannan ta ajiye jug ɗin ta ce, “Malam, mun gode, Allah ya saka. Amma in tambaye ka. Wato in ba rami, ba ka san hanyar layin nan ba?”

Ya sunkuyar da kai. “Hajiya, ban sami dalilin zuwa ba ne.”

“Dalili.”

“Mun faɗi kwangilar. Rigunan kuma sun yi yawa, wallahi ba inda zan sa wata.”

Mamana ce ta fara fashewa da dariya. Mai Ɗinki ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya gagara, ta juya baya tana dariya tana goge ido da gefen mayafi.

“Kai yaro,” in ji Inna, “ni ba ni da irin lokacin da kuke da shi. In da magana a bakinka, ka turo manyanka. In babu, ka bar mana ƙarfenka ka tafi.”

Mutumin da ya yi makonni yana zama a benci yana musu da Inna kan inda ƙorama ta bi, sai ga shi ya zame ya durƙusa a gabanta, ya kasa haɗa ido da ita. Da ƙyar aka ji muryarsa. Ya ce akwai magana. Ya ce gidansa akwai ɗaki a ƙasa, tagarsa na kallon tsakar gida, rana na shiga da safe. Ya ce ƙofar ɗakin ta isa keken ya shige, har da rara.

Mai Ɗinki ta juyo. “Yaushe ka auna keken?”

“Tun zuwana na farko.”

“Kana zaune da wandon mutane a ƙauri?”

“Ido ne ya saba, Hajiya.”

Oga ne ya shige gaba wajen neman auren, shi da wani ƙanen mahaifin Wataƙila da aka ɗauko daga wani gari. ’Ya’yan Mai Ɗinki suka zo suka ga Wataƙila, babban ya ja shi gefe ya yi masa tambayoyi kamar mai ɗaukar ma’aikaci, daga baya ya ce wa uwarsa bai taɓa ganin wanda ke tunani kafin ya faɗi sunan unguwarsu ba, amma ya yarda da shi. Sharaɗinta ɗaya ne, ba za ta rufe shago ba. Ya ce shi zai riƙa kawo ta da safe. Aka ɗaura aure bayan damina ba tare da wani taro mai yawa ba. A lokacin ɗaya kamfanin ya kawo injin ruwa, ya binne bututunsa, an rufe layin an zuba sabuwar kwalta.

Ranar tarewa Oga ya ba da babbar motar kamfani. Aka loda gado da akwatuna da tukwane, aka ɗaure keken Inna a sama. Inna ta ce ita ba za ta shiga ƙaramar mota ba, gaban babbar take so, don tunda take ba ta taɓa ganin titi daga sama ba. Wataƙila da direba suka ɗaga ta suka zaunar, aka tokare ta da matasai, shi ya zauna a gefenta ta bakin ƙofa. Amarya da Mamana suka shiga kujerar baya, kafaɗa da kafaɗa.

Mota ta fara tafiya, Inna ta ce a tsaya. Direba ya taka burki. Ta leƙa ta taga tana kallon ƙofar gidan, da dakalin da ya lotsa a tsakiya, da maƙwabtan da suka fito suna ɗaga hannu. Ta daɗe a haka, leɓenta na motsi. Sannan ta gyara mayafi ta dubi direba.

“To, me kake jira? Kuma ka tafi a hankali, tukwanena na baya.”

Suka hau babban titi. A kujerar baya Mamana ta raɗa wa amarya wani abu a kunne, su biyun suka tuntsire da dariya. Wataƙila ya waiwayo.

“Me aka yi?”

“Ba da kai muke ba, Baba,” in ji Mamana.

“Da kai suke,” in ji Inna. “Juya ka nuna wa direba hanya.”